Na Ce Mata Ta Ɗauki Gicciyenta, Ta Rufe Mini Ƙofa

Mama, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni ce shugabar Zumuntar Mata a wata ikilisiyar Hausa a nan Kano. Wata uku da suka wuce ɗaya daga cikinmu, bari in kira ta Yaya Ladi, ta rasa ɗanta tilo a hatsarin mota a hanyar Zariya. Shekararsa 24, saura kaɗan ya gama makaranta, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa. Sati biyu bayan jana'iza na je gidanta a Birged, na tarar da ita a kan tabarma, ba ci ba sha. Na buɗe Littafi na ce, "Yaya, ki ɗauki gicciyenki. Allah ma ya ba da makaɗaicin Ɗansa, Yesu ya sha azabar da ta fi taki." Ta dube ni ta ce, "Nasa ya tashi a rana ta uku. Nawa fa?" Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Tun daga ranar ba ta ɗaga wayata, ba ta zuwa sujada. Maƙwabciyarta kuwa, wata Hajiya, kullum tana shiga wurinta, ita ba ta hana ta. Abin da ya ɗaure mini kai, na yi wa Talatu maganar gicciyen nan, uwar adashinmu da ta cinye mana naira 180,000, ta yi kuka ta ce ta sami salama. Na yi wa Laraba ita, wadda mijinta ke duka, ta koma ɗakinta, ran Lahadi ta zo da ido a kumbure. Yanzu fasto ya ce ni zan bi da mata bimbini a kan mutuwar Ubangiji ranar Jumma'ar Ista. Na yi kuskure ne? Ashe maganar gicciye ba ta kowa ba ce? Ko in ajiye shugabancin?
’Yarki a Kano.

’Yata, sannu da ɗawainiya. Bari in fara ba ki amsa a gajarce don hankalinki ya kwanta ki iya jin sauran. I, kin yi kuskure. A'a, kada ki ajiye shugabanci. Macen da za ta hau adaidaita cikin zafin bazarar Kano ta je har Birged duba mai makoki, ta dawo ta kasa barci saboda kalmar da ta fito daga bakinta, irinta ake nema a gaban Zumunta. Maganar gicciye kuwa ta kowa ce. Sai dai ko mai kemis, kafin ya miƙo magani, yakan tambaya, "Me ke damunki?" Ke kuwa kwalba ɗaya kika ɗauka kika shayar da mata uku masu ciwo iri uku. Ɗaya ta ji sauƙi domin maganin nata ne, biyu ciwonsu ya ƙaru.

Ki koma Golgota ki duba yadda shi kansa Ubangiji ya yi. Markus ya ce da ƙarfe tara na safe aka gicciye shi, duhu ya rufe ƙasa daga tsakar rana har ƙarfe uku, sa'an nan ya saki ransa. Awa shida ke nan. A cikin awa shidan, in kin haɗa Bishara huɗu, magana bakwai kacal aka rubuta mana daga bakinsa: uku a Luka, uku a Yahaya, ɗaya a Matiyu da Markus. Ki karanta su a jere da ƙarfi, ba za su ci miki minti ɗaya ba. Kuma kowace da mai ita. Ɓarawon da ya tuba ya sami alkawarin Firdausi. Masu buga ƙusa ya roƙa musu gafara wurin Uba. Mahaifiyarsa kuwa bai yi mata zancen Firdausi ba, bai yi mata zancen gafara ba, wani abu dabam ya ba ta. Yana cikin azabar da ba ta misaltuwa, amma ya san wanda ke gabansa kafin ya buɗe baki.

Kin fara da Ladi, ni da Laraba zan fara, domin ita ce ranta ke cikin haɗari a daren nan. Ki je wurinta cikin makon nan, lokacin da maigidan ba ya nan, ki janye maganarki a fili. Ki ce mata, "Laraba, na faɗa miki abin da ba daidai ba ne. Dukan da ake yi miki ba gicciyen Yesu ba ne." Ina da hujja. A Yahaya 10:18 Yesu ya ce ba mai ƙwace masa rai, shi ne yake ba da shi don kansa. Laraba ba ta ba da idonta ba, ƙwata ake yi. Ran da mutanen Nazarat suka kai shi bakin dutse za su jefa shi, ratsa su ya yi ya tafi abinsa. Ran da aka ɗebi duwatsu a Haikali, ya ɓuya ya fita. Har a daren da aka kama shi, da wani dogari ya mare shi, sai da ya tambaye shi, in gaskiya na faɗa, don me ka mare ni? Yana nan a Yahaya 18:23. In kuma akwai wanda aka ɗora wa gicciye a gidan aure, Afisawa 5:25 ta faɗi sunansa: miji ne aka ce ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da kansa dominta. Raina yana ɓaci ƙwarai in na ji an juya wannan aya an ɗora wa wadda ake duka.

Ki tambaye ta abin da take so, kada ki yanke mata. Amma ki raka ta asibiti a duba idon, a rubuta. Ku shirya gidan da za ta kwana da ’ya’yanta in dare ya ɓaci, ta riƙe lambar mutum biyu da za su ɗaga waya ko ƙarfe biyun dare ne. Da yardarta, ki kai maganar wurin fasto da dattawan ikilisiya, a kira iyayenta ko waliyyinta. Kada ke kaɗai ki tunkari mijin. Shi ma mai rai ne da ke bukatar tuba, kuma dattawa ne za su zaunar da shi su binciko ko shaye-shaye ne, ko wani ƙunci ne yake hucewa a kanta. Sanin dalili zai taimaka wajen gyara, amma ba ya wanke shi. In aka ce miki sirrin gida ne, ki ce sirrin ya riga ya fito a fuskarta gaban jama'a ran Lahadi. In ya ɗauki makami ko ya shaƙe ta ko ya yi barazanar kisa, wannan ya wuce sulhun coci, maganar ’yan sanda ce.

To, sai Yaya Ladi. Abin da kika faɗa mata ba ƙarya ba ne, amma akwai ƙaya biyu a ciki. Ta farko, "ɗauki gicciyenki". Ki duba Luka 9:23, wa aka faɗa wa? Masu son su bi shi, mutane masu zaɓi a hannunsu. Ladi ba ta zaɓi kome ba, waya aka yi mata daga bakin titi. Da Yesu ya gamu da gwauruwar Nayin ana ɗauke da gawar ɗanta tilo, irin halin Ladi sak, Luka ya ce tausayinta ne ya kama shi. Ƙaya ta biyu, "azabarsa ta fi taki". Baƙin ciki ba hatsi ba ne da za a auna a mudu. Abin da kunnenta ya ji shi ne: kukanki ya yi yawa, ɗanki bai kai ba. Kuma kin ajiye ta a wurin da ba nata ba. A Golgota, wurin Ladi yana ƙasa, kusa da Maryamu, uwar da ke tsaye tana kallo, wadda tsohon nan Saminu ya gaya wa tun jaririn yana hannu cewa takobi zai soki zuciyarta.

Me Yesu ya yi wa wannan uwa? Ya dubi almajirin da yake ƙauna ya ce mata ga ɗanki, ya ce masa ga mahaifiyarka. Yahaya 19:27 ta ƙara da cewa tun daga sa'ar nan almajirin ya kai ta gidansa. Yana bakin mutuwa saboda zunubin duniya, amma yana lissafin inda tsohuwa za ta kwana da wanda zai ciyar da ita. Wannan ne rabon Ladi daga gicciye a yanzu. Ɗan nan da ta rasa shi ne kuɗin hayarta na gobe, shi ne mai kai ta asibiti in ta tsufa, shi ne mai kiran ɗan garuwa, shi ne jikokin da take ƙirgawa a ranta. Duk wannan aka binne rana ɗaya. Ki zauna da matan Zumunta ku yi lissafi na zahiri: yaushe hayarta za ta ƙare, wa zai riƙe mata sana'arta kafin ta miƙe, wa zai kwana da ita, wane yaro a ƙungiyar matasa zai riƙa leƙa ta ran Asabar. Kada ku ce mata ya maye gurbin ɗanta, babu mai mayewa. Ya dai je ya ɗebo ruwa, ya gyara fitila, ya gaishe ta.

Zan gaya miki abin da ban cika faɗa ba. Na taɓa binne ’yata tana da shekara shida, zazzaɓin kwana uku. Silifas ɗinta ja suna bakin ƙofa, ɗaya a kife, na hana kowa taɓa su har wata biyu. Masu gaisuwa sun karanta mini ayoyi masu yawa, dukansu gaskiya, ban riƙe ko ɗaya ba. Wani ma ya tsawata mini, wai ina kuka kamar marasa bege. Wadda na riƙe wata tsohuwa ce daga ƙauyenmu. Takan zo da hantsi, ta wanke kwanuka, ta share tsakar gida ta kewaye silifas ɗin da tsintsiya ba ta motsa su ba, ta zauna a gefen tabarma tana tsince shinkafa. Sai a rana ta tara ta ce, "Wace waƙa take so a makarantar Lahadi?" Na faɗa mata. Ta fara rerawa a hankali da tsohuwar muryarta. A ranar ne na yi addu'a ta farko.

Don haka kada ki ji kishin Hajiya. Ki gode wa Allah da ya ajiye ta a katangar Ladi, ki kuma gode mata ita kanta in kin je. Tana yin abin da iyayenmu suka koya mana a gidan rasuwa: a shiga, a ce "Ya haƙuri?", a ajiye kwano, a zauna, a tashi. Addininta bai koyar da cewa an gicciye Annabi Isa ba, kin sani na sani, kuma ba wannan ne ya kai ta ɗakin ba. Maƙwabtaka ce da tausayi. Amma ki lura, matan da Markus ya lissafa a wurin gicciye, Maryamu Magadaliya da Maryamu uwar Yakubu da Salome, ba a rubuta mana kalma ɗaya da suka faɗa a ranar ba. Sun dai tsaya, ba su gudu ba. Abokan Ayuba ma kwana bakwai suka yi zaune a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce uffan, kuma sai da suka fara bayani ne suka ɓata.

Tambayarta, "Nawa fa?", ta tsorata ki, kin ɗauka bangaskiyarta ta tafi. Ni ban ji haka ba. Wanda ya bar gida ba ya tsayawa yi wa maigida ƙorafi. Da ƙarfe uku na ranar nan, Ɗan Allah da kansa ya ɗaga murya ya ce, Ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni? Farkon Zabura 22 ne, addu'ar da Yahudawa suka daɗe suna yi, kuma ba a ji murya daga sama ta amsa masa a lokacin ba. Tun da wannan tambaya ta fito daga bakinsa, ba wanda ya isa ya hana Ladi yin tata. Amsar tana nan, mun gaskata ɗanta zai tashi a ranar ƙarshe, ita ma ta san haka tun kafin a haife ki. Amma tsakanin Jumma'a da Lahadi akwai Asabar, ranar da kabari ke rufe, matan suka koma gida da kayan ƙanshinsu suna jira. Ladi tana cikin Asabar ɗinta, kuma tata ba kwana ɗaya ba ce. Yesu ya san zai ta da Li'azaru nan da ’yan mintoci, duk da haka ya tsaya ya yi hawaye tare da ’yan'uwan Li'azaru mata.

Ga yadda za ki koma. Ki tafi da safe kafin rana ta yi zafi, ke da wata dattijuwa guda da Ladi ke jin nauyinta. Kada ku tafi da ayari, kada ku sa anko. Ki dama mata kunu mai ɗan tsami, mai makoki ya fi iya sha da tauna. Ki bar Littafin a cikin jaka. In ta ba ki fuska, ki durƙusa ki ce, "Yaya, na zo ba ki haƙuri. Na yi miki magana ban san zafin da kike ji ba. Ki yafe mini." Iyakar nan. Kada ki ƙara da "amma nufina", domin daga "amma" ban-haƙuri yake komawa kare kai. Durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne, balle yayarki. In ta yi kuka ki bar ta, in ta zazzaga miki faɗa ki shanye. In ta ambaci yaron, ki kira sunansa, ki faɗi wani abu da kika tuna game da shi. Mutane suna gudun sunan mamaci don kada su tuna wa uwa, alhali ba ta manta ba ko na ƙiftawar ido, tsoronta ma kada duniya ta manta.

In kuma ƙofar ba ta buɗe ba, ki bar kwanon wurin Hajiya da saƙon gaisuwa, ki dawo mako mai zuwa, da na bayansa. Tana da ikon ta ɗauki lokaci. Zai yiwu ma ta fi sakewa da wata a Zumunta ba ke ba, to ki tura waccan, ke ki riƙe lissafin haya da cefane daga baya. Abu ɗaya ne ba za a jira ba: in ta ci gaba da ƙin abinci tana ramewa, ko ba ta barci sam, ko ta fara cewa gara ta bi shi, a kai ta ga likita. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen masu duba irin wannan damuwa, kuma zuwa can ba raunin bangaskiya ba ne. Wanda ya ce "Ina jin ƙishirwa" a kan gicciye bai ji kunyar faɗin bukatar jikinsa ba.

Talatu kuwa maganin ya dace da ita, na yi murna. Mai laifin da ya san laifinsa, gicciye ya gaya masa an biya, an gama. Sai dai aikin da saura. Ɓarawon nan ya faɗa da bakinsa cewa hukuncin da aka yi musu daidai ne, Zakka kuma da ya tuba ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu. Ba a ce Talatu ta ninka ba, amma ta tsaya gaban matan da ta ci wa kuɗi ta amsa, a rubuta nawa za ta riƙa biya duk wata, ko naira 10,000 ne, a kuma ba wata riƙon adashin. Kada ki matsa wa masu kuɗin da "ku yafe kamar Yesu". Wata a cikinsu kuɗin makarantar ɗanta ne ya tafi, ita ma a saurare ta.

Game da Jumma'a, shawarata ki karɓa, amma kada ki yi dogon wa'azi. Ki raba maganganun nan bakwai ga mata bakwai, kowace ta karanta tata, a yi shiru na minti biyu, a rera baiti ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, a wuce. Ki gaya musu tun farko cewa kowace ta saurari wadda aka faɗa dominta, ta bar wa ’yar'uwarta sauran. Kada ki kawo misalin da za a gane mai shi, ikilisiya ƙarama ce, kowa ya san idon da ya kumbura. In kina son ƙara wani abu naki, ki ba su labarin Siman Bakurane a Markus 15:21, mutumin Kurane da ke ƙasar Libiya ta yau, ɗan Afirka, yana dawowa daga ƙauye aka tare shi aka ɗora masa itacen. Shi kansa Ubangiji sai da wani ya ɗaukar masa. Daga nan sai ki zagaya da takarda, kowace ta rubuta ranar da za ta kai abinci Birged. In kin ji zuciyarki ba za ta iya tsayuwa gaba ba a bana, ki gaya wa fasto gaskiya, ki shirya tsarin ki ba mataimakiyarki ta bi da shi.

Kada ki aika a ɗauko Ladi ranar. Ki dai sanar da ita lokacin, ki ce akwai kujera a baya kusa da ƙofa in ta so, ta fita sa'ad da ta ga dama ba mai tambayarta. In ba ta zo ba, bayan an tashi ki wuce gidanta da kunun. Laraba kuwa kada ki bari har Jumma'a, ki kira ta yau ki ji ƙarfe nawa maigidan yake fita.